Ranar da Aka Kai Meye-a-ciki Kallon Babban Birni

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a unguwar. Yara da manya, har masu kawo masa gyara, kowa Meye-a-ciki yake ce masa, amma a bayan idonsa, don a gabansa "Baba mai agogo" ake cewa. Shi ya jawo wa kansa sunan. Duk abin da ka nuna masa, sabuwar riga ce, babur ne, ko jaririn da aka haifa jiya, sai ya karkata kai, ya taɓe baki, ya ce, "To, meye a ciki?"

Sana'arsa gyaran agogo. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, bakin titin da ya nufi tasha, wurin da in mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya fita kafin ɗayan ya iya juyawa. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, hantsaki, da gwangwanaye cike da matattun agogunan da masu su suka gaji da zarya suka bar masa. A lokacin ƙuruciyarsa hannunsa ba laifi. Bai kai gwani ba, amma in ka kawo agogo a tsaye za ka karɓe shi yana tafiya, bayan ka sha faɗa a kan cewa jabu ka saya, kuma wanda ya sayar maka ya ga wawa ne. Da wayoyin hannu suka shigo, kowa ya koma duba lokaci a waya, abokan sana'arsa suka koyi gyaran waya suka ci gaba da harkarsu. Shi kuwa ya ce wayar nan yayi ce, za ta wuce. Har yau yana nan yana jiran ta wuce, yana canza batir da maɗauri.

Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ita ta fi kowa sanin halinsa, don ita ta fi kowa shan sa. Ranar da ta fara yi masa girki ya cinye kwanon tas, ya suɗe yatsu, sannan ya ce gishiri ya yi kaɗan. Washegari ta ƙara, ya ce ya yi yawa. Tun tana kuka a ɗaki har ta gane cewa ba gishirin ba ne. Mutumin dai ba ya jin ya cika mutum sai ya rage wa wani abu tsawo. Sai ta koyi zama da shi kamar yadda ake zama da rufin da ke yoyo: ka san inda yake ɗiga, ka kawar da kayanka daga wurin.

'Ya'yansu uku. Babban kafinta ne. Yana koyon aiki ya taɓa haɗa wa uban kujera da hannunsa, ya goge ta har tana sheƙi. Uban ya zauna, ya jijjiga, ya ce, "Da dai kan dutse na zauna." Yanzu yaron yana wani gari da shagonsa da iyalinsa, sai a yi wata da watanni bai kira ba, in ma ya kira to uwarsa yake nema. Ta tsakiyar ta yi aure nesa, kuma Inna na zargin da gangan ta zaɓi nesan. Auta ce kaɗai ba ta saduda ba. Ita ce wadda ta taɓa shigowa da gudu da sakamakon jarrabawa, ta zo ta ɗaya a aji, uban ya duba takardar sama da ƙasa ya ce, "Sauran 'yan ajin dai daƙiƙai ne ke nan." Maimakon ta yi fushi, sai ta ƙara ƙaimi. Ta yi ta karatu kamar wadda ake bi da bulala, har ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani babban asibiti a babban birni. Inna ta sha kallon ta tana tausaya mata, don ta san duk wannan gudun, kalma ɗaya yarinyar take nema daga bakin da ba ya ajiye irin ta.

Da Auta ta zauna da gindinta a wurin aiki, sai ta ƙudura sai ta kawo iyayenta sun ga birni. Ba ta so a yi ta cusa su cikin motar haya, don haka ta nemi mutumin da sana'arsa ke nan, mai motarsa, wanda zai ɗauke su su kaɗai tun safe har yamma, ya kai su duk wuraren da mutane ke zuwa gani daga ƙasashe, yana yi musu bayani.

A waya ta gaya wa uban. Ta ce, "Baba, har jagora na samo muku."

Ya ce, "Jagora? Makaho aka ce miki na zama?"

"A'a Baba, mai nuna wurare ne, ya san tarihin komai."

"Gini ne fa. Gini kuma sai an nuna wa mutum? In na ɗaga kai ba zan gan shi ba?"

Duk da haka ya shirya. Kwana biyu kafin tafiya ya kai babbar rigarsa wurin mai guga, ya yi aski, ya bi shaguna yana gaya wa maƙwabta cewa yarinyar nan ta matsa masa, ba don yana so ba.

Washegarin isarsu birnin, jagoran ya iso ƙofar gidan da Auta ke haya da sassafe. Mutum ne siriri, furfura ta fara yi masa, da farar riga mai dogon hannu da murya mai sanyi. Motar tsaf, da ruwan sha a gefen kowace kujera. Ya rusuna ya gaishe su, ya buɗe wa Inna ƙofa, abin da ba a taɓa yi mata ba, har ta rasa ƙafar da za ta fara sawa. Meye-a-ciki ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, ya ce gwangwani ne, motocin da su ne motoci. Jagoran ya ce, "Haka ne, Baba," ya tayar da mota.

Gada suka fara zuwa, wata doguwa da aka rataya da igiyoyin ƙarfe a kan ruwa, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarta. Jagoran ya tsaya a gefe, suka fito. Inna ta dafa ƙarfe ta ji gadar tana ɗan rawa a ƙarƙashin ƙafarta in babbar mota ta wuce, amma ta kasa ɗauke ido daga ruwan. Jagoran yana bayanin yadda aka ja igiya ta farko da jirgin ruwa, sai Meye-a-ciki ya katse shi.

"Ba tsallaka ruwa ake yi da ita ba?"

"Shi ne, Baba."

"To ta garinmu ma abin da ake yi da ita ke nan."

Ta garinsu kwalbati ce a kan rafin da ke ƙafewa rabin shekara. Inna ta sani, Auta ta sani.

Daga nan sai dandalin da ke tsakiyar tsohon gari, inda hasumiyar agogo take. Wannan Auta ta ajiye musamman saboda shi. Tun a mota take satar kallon sa. Hasumiya ce ta jan dutse, fuskar agogon ta fi ƙofar gida faɗi, hannayensa baƙaƙe, mutane cike da dandalin suna jiran ya buga. Inna ta ga mijinta ya ɗaga kai, bakinsa ya ɗan buɗe. Na ɗan lokaci kaɗan fuskarsa ta zama irin wadda take gani in ya maƙala gilashi a ido ya manta da kowa. Sai ya ankara ana kallon sa. Nan da nan ya ja hannun riga, ya duba agogonsa, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Kai, jagora. Agogon nan naku gudu yake yi. Ya wuce lokaci."

Jagoran ya ciro waya ya duba, ya ce, "Daidai yake da nawa, Baba."

Auta ma ta duba tata, ta ga daidai yake. Meye-a-ciki ya tare wani mai wucewa da jaka, ya tambaye shi ƙarfe nawa. Mutumin ya nuna masa hasumiya da haɓa ya wuce.

Ya ce, "Ai dole. Duk daga wuri ɗaya suke kwafa, dole su yi kuskure tare."

Agogon ya buga, ƙarar ta ratsa ƙirjin Inna, tattabaru suka tashi gaba ɗaya, mutane suka yi ta ɗaukar hoto. Shi kuwa ya juya baya yana kallon wani mai sayar da balan-balan. Da suka koma mota, Inna tana gefensa a baya, ta gan shi ya tura hannu cikin hannun riga, a hankali yana murza kan agogonsa, yana kallon taga kamar mai nazarin hanya. Ta mayar da idonta gaba. Ba dariya ce ta zo mata ba. Wani abu ne mai kama da abin da take ji in ta ɗaga tukunya ta tarar da kyankyaso a ƙarƙashi.

A gidan adana kayan tarihi abin ya ƙara lalacewa. Ɗakuna ne manya masu sanyi, kaya a cikin gilashi, kowa yana magana ƙasa-ƙasa, ban da mutum ɗaya. Tukwanen da aka haƙo daga ƙasa, ya ce irin su kakarsa ta zubar a bola. Takubba, ya ce ko albasa ba za su yanka ba. Wani ƙaton zane da ya cika bango, ya ce mai zanen bai iya hanci ba. Muryarsa tana dukan rufi tana dawowa, baƙi suna juyowa, Auta tana ta "Baba, a hankali," kamar mai lallashin yaro a asibiti.

Inna ta ja baya ta bar su. A wani lungu ta ga ɗan takalmin fata na yaro, ƙafa ɗaya, bai fi tafin hannunta ba, ya yi baƙi don tsufa. An yi masa faci a wajen babban yatsa, ɗinki ƙanana a jere. Ta tsaya a kansa. Jagoran ya zo ya tsaya nesa kaɗan. Can ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Ɗana, wannan facin, tun da can aka yi shi, ko su masu gidan nan suka yi?"

Ya ce, "Tun da can ne, Inna. Haka aka same shi a ƙarƙashin wani tsohon gida. Ana jin uwar yaron ce ta ɗinke, don zaren irin na saƙar gida ne."

"Yaron ya fi takalmin girma ke nan, yatsan ya huda."

"Ni ma haka nake gani. Kin san ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba?"

Sai ga muryar mijinta a bayanta. "Ke kuma me kika sani a tarihi? Tsohon takalmi kika tsaya yi wa ta'aziyya?"

A gida, irin wannan maganar takan rufe mata baki har dare. Ta jira jagoran ya yi 'yar dariyar da maza ke yi don su faranta wa maigida. Bai yi ba. Bai ma juya ba. Ya ci gaba da nuna mata yadda aka naɗe bakin fatar, kamar ƙuda ne ya wuce. Inna ta lura da wannan sosai. A unguwarsu kowa yana kaffa-kaffa da harshen mutumin nan, ana kauce masa, ana ɓoye masa sabon abu, har ya ɗauka tsoron nan girma ne. A nan kuwa maganarsa faɗuwa take yi ƙasa ba mai sunkuyawa ya ɗauka.

Shi ma da alama ya ji hakan a jikinsa, don sai ya nemi abin da zai sa a kula shi. A ɗaki na gaba akwai wata tsohuwar kujerar sarauta ta icce, an kewaye ta da jan igiya. Kafin Auta ta ankara ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar, ya gyara riga ya zauna daram, ya ɗora hannuwa a kan madafa.

"Ko daɗin zama babu," in ji shi.

Wata ma'aikaciya mai kaki, ƙatuwa, ta taho da sauri takalminta na ƙara. "Baba! Tashi! Tashi maza!"

"Kujera ce ko ba kujera ba?"

"Na ce ka tashi, ko in kira masu tsaro su ɗaga ka."

Ya tashi. Wajen tsallako igiyar ƙafarsa ta harɗe, sai da jagoran ya tare shi. Auta ta yi ta ba matar haƙuri. Matar ta dubi Inna ta ce, "Mama, naki ne?" Inna ta ce, "Nawa ne," da irin muryar da ake amsa cewa akuyar da ta shiga gonar mutane taka ce.

A hanyar zuwa cin abinci motar ta bi ta gaban asibitin da Auta ke aiki, gini fari mai hawa da yawa. Yarinyar ta ɗan farfaɗo, ta roƙi jagoran ya rage gudu, ta nuna wata taga can sama.

"Baba, ka ga waccan mai shuɗin labule? Nan nake aiki."

Ya leƙa. "Duk wannan uban gini don a duba fitsarin mutane?"

Auta ta sauke hannunta, jagoran ya ƙara gudu.

Gidan abincin a bakin ruwa yake, tebura a ƙarƙashin rumfa, iska tana kaɗa mayafin Inna. Jagoran ya nufi wani tebur can gefe, Auta ta ce sam, sai ya zauna tare da su. Aka kawo shinkafa da gasasshen kifi wanda ya kusa tsawon hannu. Meye-a-ciki ya ce kifin ruwan gishiri ba shi da ɗanɗano, ya ja farantin gabansa, ya bi shi har ƙaya. Da ciki ya ɗauka sai ya juya kan jagoran.

"Kai yanzu, tsakaninka da Allah, wannan ce sana'arka? Nuna gini da yatsa?"

"Ita ce, Baba."

"Namiji da kai, har da furfura. Mahaifinka yana da rai?"

"Yana nan."

"Ya san abin da kake yi?"

"Ya sani. Shi ma na zagaya da shi, ya ji daɗi." Ya juya ga Inna. "Inna, a ƙaro miki ruwa?"

Auta ta miƙe ta ce za ta wanke hannu. Ta daɗe. Da ta dawo fuskarta a wanke take, idanun sun yi ja. Uban bai gani ba, yana sakace.

Bayan sun huta aka kai su gini mafi tsawo a birnin, wanda ake hawa can ƙololuwa a ga gari duka. Ƙasan ginin kamar kasuwa, ga layi a gaban lifta, ƙofofinta suna buɗewa suna haɗiye mutane. Jagoran ya riga ya tanadi takardun shiga, don haka ba sai sun bi layi ba. Ƙofa ta buɗe, bangon liftar gilashi ne, ana ganin waje. Meye-a-ciki ya kai bakin ƙofa ya tsaya cak. Inna ta ga yatsunsa sun damƙe gefen riga.

Ya ce, "Wai mu hau sama don mu kalli ƙasa? Ba ga mu a ƙasan ba? Wannan ai aikin marasa aikin yi ne. Ku zo mu tafi."

Ya juya, da tabbacin za a biyo shi, don kullum ana biyo shi. Auta ta riga ta saki kafaɗa za ta bi. Inna ta ji ƙafafunta sun ƙi. Tun tana yarinya ba ta taɓa hawa abin da ya wuce bene hawa biyu ba, kuma ta san in ta bar wurin nan yau, ba mai sake kawo ta.

Ta ce, "Malam, ga benci can. Ka zauna, yanzu za mu sauko."

Ya juyo kamar an mare shi. "Me kika ce?"

"Na ce ga benci can."

Ta kama hannun Auta ta ja ta ciki. Jagoran ya tambaye shi ko ya zauna tare da shi, ya daka masa tsawa cewa shi ba yaro ba ne, don haka jagoran ya shigo, ƙofa ta rufe. Liftar ta ɗaga, kunnuwan Inna suka toshe, motoci suka koma kamar ƙwaro, ta rintse ido tana salati, sannan ta buɗe ɗaya, sannan ta buɗe duka.

A sama iska ce da haske. Gari ya bazu har inda ido ya gaza, ga gadar da suka taka da safe kamar zare, ga jiragen ruwa, ga hasumiyar agogo 'yar mitsitsiya. Jagoran ya nuna musu kaɗan, sannan ya ja gefe ya bar su. Inna ta zagaya duk kusurwoyin, ta dafa gilashi da hannu biyu kamar yarinya. Auta ta tsaya a gefenta, can ta ce, "Inna, me na yi ba daidai ba?"

"Ba ki yi komai ba."

"Na ɗauka ko agogon nan zai burge shi."

"Ya burge shi mana. Shi ya sa ya zage shi." Inna ta gyara mayafi. "Ke dai kin makara ne. Yayanki ya gane tuntuni, yayarki ma haka. Mutumin nan ko wata kika ciro daga sama kika ɗora masa a hannu, tabon jikinsa zai fara nuna miki. Ki daina kashe kanki." Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma liftar nan tsoronta yake ji. Kin ga yadda ya riƙe riga?"

Auta ta dube ta, dariya ta kuɓuce mata tare da hawaye, har wasu baƙi suka juyo. Inna ma ta yi, marar sauti, kafaɗunta suna rawa. Suka sa jagoran ya ɗauke su hoto su biyu, gari a bayansu. Ba su yi saurin sauka ba.

Sun same shi a kan bencin, ya cika ya yi fam. Da alama ya yi amfani da zaman wajen shirya yadda zai fanshe mutuncinsa, don da jagoran ya ce abin da ya rage shi ne zagaya a jirgin ruwa, amma in Baba ya gaji sai a bari, sai ya miƙe zumbur.

"Wa ya gaji? Ni da na yi iyo a kogi tun ba a haife ka ba? Mu je."

Jirgin ƙarami ne mai rumfa, da benci a jere. Ya wuce kowa ya zauna can gaba, ya harɗe ƙafa, ya ce wannan ai kwale-kwale ne aka sa wa inji. Suna cikin tashar ruwan lafiya lau. Da suka fita fili, igiyar ruwa ta fara ɗaga jirgin tana saukewa, sai maganarsa ta ragu. Can ta ɗauke. Inna ta dube shi ta ga fuskarsa ta yi fari-fari, gumi yana tsattsafowa a goshi. Bai kai ga bakin jirgin ba. Hularsa ya cire, kifin nan marar ɗanɗano ya dawo cikinta gaba ɗaya.

Shekara da shekaru, in ya yi ko tari ne, Inna ce mai tashi, ita ce mai riƙe kai, mai kawo ruwa, mai shan faɗan cewa ruwan ya yi sanyi. Ta ji jikinta ya fara yunƙurin tashi da kansa. Sai ta ga jagoran ya riga ya isa da leda da gorar ruwa, cikin natsuwar wanda ya saba, yana cewa, "Ba komai, Baba, kowa yana yi." Ta koma ta zauna. Rana tana faɗuwa a bayan dogayen gine-gine, gilasansu sun kama wuta, fitilun gada suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta juya masa baya ta kalli abinta har jirgin ya koma tasha.

A mota ya kwanta a kujera kai ba hula, ido rufe. Har ƙofar gida bai ce uffan ba, kuma wannan ne yanki mafi daɗi a yinin. Da za su rabu, Inna ta yi wa jagoran godiya, ta sa masa albarka, shi da mahaifinsa. Ya ce, "Inna, ke kam ki dawo. Akwai lambun furanni da ban kai ku ba."

Sun koma gida bayan kwana biyu. Da azahar Inna ta kai masa abinci shago, ta tarar ya tara mai aski da mai faci da wasu 'yan zaman banza, yana ba su labari. Birnin hayaniya ce kawai. Agogonsu ba ya tafiya daidai, sai da ya nuna musu. An roƙe shi ya hau wani dogon gini ya ce ba shi da lokaci. Ya zauna a kujerar wani sarki, ma'aikatan wurin har suna rige-rigen zuwa gaishe shi. Da ya hango ta sai ya ɗan rage murya. Mai aski ya ce, "Inna, haka aka yi?" Ta ajiye kwanon a kan tebur, ta ce, "Ai kun ji daga bakinsa," ta juya. Ba don ta rufa masa asiri ba. Ta ga dai bai kai ta ɓata yawunta ba.

Auta ta aiko wa uwarta waya tata ta kanta, kuma tun daga nan a ita take kira. Tana gaishe da uban in yana kusa, gaisuwa cikakkiya, ba ta ƙara ba shi labarin komai. Da shekara ta zagayo ta aiko a zo, Inna ta tafi tare da maƙwabciyarta mai ɗinki, jagoran nan dai ya zagaya da su, suka ga lambun furanni, suka sake hawa dogon ginin, mai ɗinki tana ihu a lifta. Meye-a-ciki ya gaya wa mutane shi ya hana kansa zuwa. Gaskiyar ita ce ba a gayyace shi ba.

Yana nan har yanzu a ƙarƙashin matakala, idonsa ya fara rauni, hannun yana ɗan rawa in ya ɗauki hantsaki. Inna tana yi masa girki, tana wanke masa kaya, ba ta rage masa komai ba. Wata ranar da yamma tana ninke kayan da za ta sake tafiya da su, yana zaune a bakin gado yana kallon ta. Ya yi gyaran murya sau biyu. Can, yana kallon bango, ya ce, "Wai can saman ginin nan, me ake gani?"

Ta ce, "Gari."

Ta ɗauki wani zanen ta ci gaba da ninkewa.